Ni da Yayana ciwo ɗaya muka yi, magani ne ya bambanta

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, haifaffiyar cikin birnin Kano, aure ya kawo ni Kurna. Na daɗe ina son rubuta wannan labari, sai dai a garin nan ba kasafai mace take fitowa ta ce ta yi tarin fuka ba, balle irin wanda ba ya jin magani. Yanzu da Allah ya ba ni lafiya, maigida kuma ya ce in rubuta ba komai, zan faɗi yadda abin ya kasance. Mu biyu muka yi wannan ciwo a gidanmu, ni da yayana wanda nake bi. Shekara tara ce tsakanin jinyarsa da tawa, amma wanda ya ga yadda aka yi masa magani ya kuma ga nawa, zai rantse ba cuta ɗaya ba ce.

Yaya bakanike ne a Ƙofar Ruwa, kuma da kunne ya yi suna. Direba zai kawo mota, ya ce masa tayar, ya sunkuyar da kai ya saurara, ya faɗi abin da ke damun injin tun ba a ɗauko sifana ba. A 2014 ya fara tari, aka gwada aka ce tibi ne, wato tarin fuka, aka ba shi maganin wata shida da ake ba kowa. Ya sha har ƙarshe, ni shaida ce, don a lokacin ina yawan zuwa gida wajen Inna. Bai daɗe da gamawa ba tarin ya dawo, ramar ta fi ta farko, har da jini a kaki.

A 2015 aka sa kakinsa a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun ƙarshen 2010. Cikin kamar awa biyu take faɗin ko akwai ƙwayar cutar, ta kuma faɗi ko ƙwayar tana jin rifamfisin, wato mafi ƙarfi a cikin magungunan wata shidan nan. Ta Yaya ba ta ji. Nan aka ce mana sai an kwantar da shi, kuma magani zai kai wata 20, takwas na farko da allura.

Allurar nan, kanamaisin, ita ce abin da gidanmu ba zai manta ba. Kullum sai an soka masa, ga mutum ya rame babu naman da allura za ta shiga, wurin ya yi tauri ya kumbura, zama ma sai a karkace. Ga ƙwayoyi cike da tafin hannu, yana sha yana amai. Akwai guda a ciki da ke taɓa hankali. Yaya da ba ya faɗa da kowa ya koma zargin mutane, ya daina barci, yana magana shi kaɗai. Inna ta ce sammu ne, aka yi ta karɓo rubutu. Daga baya ma'aikatan suka gaya mana aikin maganin ne, kuma ba shi kaɗai ba ne a ɗakin.

Wata rana na kai masa abinci ya ce mini, “Auta, ke ma kina jin kukan gyaren nan?” Na ce babu gyare a nan, Yaya. Ya ce shi dare da rana yake ji. Daga nan sai ya fara cewa a maimaita masa magana, muryar mata da ta yara ta fara ɓace masa, sannan ta kowa. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce allurar ce, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa, amma in aka tsayar da ita babu wani abu mai ƙarfinta a hannunsu da za a sa a madadinta. Aka rage yawan kwanakin da ake yi masa, abin da aka iya ke nan. Yaya ya warke a 2017, huhunsa lafiya lau har yau, kunne kuwa babu. A zamanin nan, a duniya baki ɗaya, kusan rabin masu shan wannan dogon magani ne kawai suke warkewa, don haka mu cikin masu godiya muke. Cikin waɗanda suka kwanta tare da shi akwai wanda ya gudu cikin dare saboda allura, akwai waɗanda aka yi wa sutura. Gyaran mota ya bari, yanzu kayan gyara yake sayarwa, yaronsa na rubuta masa ciniki a takarda.

Nawa ya fara ne da hunturun ƙarshen 2023. Kowa a Kano yana tari a lokacin, ga ƙura ga sanyi, ga kuma alli da nake shaƙa a aji. Amma ni na san wannan tarin. Zazzaɓi da yamma, zufa cikin dare har in jiƙa zani alhali ana sanyi, abinci ya fita a raina, awarwaro ya fara zamewa daga hannuna. Da ya haura mako biyu na tafi asibitin gwamnati da ke kusa da mu, na gaya wa ma'aikaciyar tarihin gidanmu, ta ba ni ɗan kwano na tofa kaki. Ko kwabo ba a karɓa ba.

Da sakamako ya fito, ta ja ni gefe ta ce, “Malama, akwai tibi, kuma irin wanda ba ya jin rifamfisin ne.” Wallahi ban ji sauran bayaninta ba. Kunnena kawai na kama. Ni da aji mai yara sama da saba'in, in ba na ji, me zan koyar? Na ce mata, “Sista, allurar wata nawa za a yi mini?” Ta ce, “Wace allura? Ai an daina.”

Ban yarda ba sai da na je cibiyar da aka tura ni na ji daga bakin likita. Mutum ne mai son bayani, ni kuma mai yawan tambaya, abin da ban gane ba in na koma gida in bincika a waya. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara janye allurar, ta ce kada a ƙara amfani da kanamaisin a wannan jinya. Abin da ya ba da damar haka shi ne wani magani, bedakwilin, da Amurka ta amince da shi a Disamban 2012. Kafin shi an yi shekara kusan 40 ba a samu sabon nau'in maganin tibi ba. Yadda aka bayyana mini, yana toshe hanyar da ƙwayar cutar take samar wa kanta ƙarfi ne, sai ta mutu. Da na lissafa na ga ashe lokacin da kunnen Yaya ke tafiya maganin yana duniya, sai da na yi kuka. Likitan ya ce a farkon fitowarsa ana tsoron illarsa ga zuciya, ba a ba kowa, ga tsada, sai da aka ga sakamakonsa a kan dubban mutane, musamman a Afirka ta Kudu, sannan aka sake shi. Na fahimci hujjar, amma ba ta rage mini zafin ba.

Sai kuma firetomanid, wanda wata ƙungiya da ba ta neman riba, TB Alliance, ta samar, aka amince da shi a 2019. An haɗa shi da bedakwilin da linezolid aka gwada a Afirka ta Kudu kan mutum 109 masu mafi munin nau'in cutar, kusan kashi 90 cikin ɗari suka warke a wata shida. Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta ƙara na huɗu, moksifulokzasin, ta gwada a Uzbekistan da Belarus da Afirka ta Kudu: kashi 89 suka warke, a tsohon tsari kuwa kashi 52. A Disamban 2022 hukumar ta ce wannan haɗin mai magunguna huɗu, da ake kira BPaLM, shi ne zaɓi na farko ga mai shekara 14 zuwa sama. Shi aka ɗora ni a kai a farkon 2024.

Ba haka kawai aka miƙo mini ba. An ɗebi jini aka duba ƙarfinsa da hanta da ƙoda, an yi gwajin ƙanjamau da na suga, an manna mini wayoyi a ƙirji aka auna bugun zuciya, an gwada idona da launuka. An sake aika kakina don a ga ko ƙwayar tana jin dangin moksifulokzasin. Da ba ta ji, cire shi za a yi a bar mini uku. Sannan gwajin ciki, domin a lokacin ba a ba mai juna biyu ko mai shayarwa wannan haɗin, nasu daban ne kuma ya fi tsawo. Na yi sa'a na riga na yaye autata. Likita ya kira maigida ya yi masa bayanin tazarar haihuwa har a gama. Na ɗauka zai yi gardama, sai ya ce, “Likita, lafiyarta ce gaba.” Shi da yaran duka an duba su, Allah ya tsare.

Ba a kwantar da ni ba. Wannan kaɗai babban abu ne ga uwa. A ɗakina na yi jinya, ina jin hayaniyar 'ya'yana a tsakar gida.

Ranar da Yaya ya samu labari, bai jira azahar ba ya zo. Kun san wanda ba ya ji ba ya sanin ƙarfin muryarsa, tun daga soro maƙwabta suka ji yana cewa, “Kada ki yarda su yi miki allura! Gara ki zo mu nemi na gargajiya!” Na rubuta masa a waya cewa babu allura. Ya ce ƙarya suke, haka suke fara lallaɓa mutum. Na ɗauko maganin na zuba a faranti na nuna masa: bakwai ne a makonni biyun farko, daga nan wata rana biyar wata rana uku. Ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Ya ce, “Wata nawa?” Na ɗaga yatsu shida. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, “To ni zan riƙa tsaya miki.” An ce kowane mai jinya ya kawo wanda zai riƙa ganin ya haɗiye maganinsa, shi ya zama nawa. Kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya kira ni ta bidiyo, ba don ya ji ni ba, don ya ga na sha, ya sa in buɗe baki in ɗaga harshe, shi ya san duk dabarar masu ɓoye ƙwaya.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka maganin alewa ne. Makonnin farko tashin zuciya ya wahalar da ni, sai da na gane in na ci abu mai ɗan maiƙo tukuna, ko ƙosai ne da kunun gyaɗa, yana zama. Dama da abinci aka ce a sha bedakwilin. A wata na biyu jinina ya yi ƙasa, in na tashi daga zaune sai jiri. Linezolid ne ke haka, yana rage wa ɓargo aikin yin jini, shi ya sa ake yawan ɗibar jinin mutum. Inna ta dage da zogale da hanta, na ci, amma abin da ya tsayar da shi sa idon likita ne. Wajen wata na huɗu tafin ƙafata ya fara zugi da dare, yatsu suna mutuwa. Na faɗa a zuwana na gaba, aka rage mini linezolid daga miligiram 600 zuwa 300. An ja mini kunne tun farko cewa in na ga gani na ya fara dishi-dishi ko launuka sun rikice, kada in jira ranar asibiti. Hakan bai faru ba. Zugin ya tafi, amma babban yatsana na hagu har yanzu bai dawo daidai ba, in na taka tabarma ba na jin saƙarta sosai.

Azumin 2024 ya same ni a tsakiyar magani, a watan Maris. Na so in riƙa sha da sahur in yi azumina. Likita ya ce da wannan jinin da wannan ramar bai ba ni shawara ba. Maigida ya tambayi malaminsu, ya ce mara lafiya Allah ya yi masa rangwame, ta sha ta rama. Na rama da sanyi ya shigo.

Abin da ya fi illar maganin ciwo a wurina bakin mutane ne. Wata daga dangin miji ta ce ai irin wannan tarin sai wanda ya yi wasa da magani yake samu. Ni kafin wannan ciwo ban taɓa shan maganin tibi ba a rayuwata. Gaskiya ne yanke magani ko shan sa a tsinke yana koya wa ƙwayar cutar bijirewa, amma da zarar ta bijire, haka take fita a tarin mai ita ta shiga huhun na kusa da shi a bijirenta. Tana iya kwanciya shekaru ba ta motsa ba, sai jiki ya yi rauni. Ko daga Yaya na ɗauka lokacin kai abinci, ko a adaidaita sahu, ko a gidan biki, Allah ne masani, kuma ban taɓa bari wannan zancen ya je gare shi ba. Wasu kuma suka ware mini kwano da kofi, suna wankewa da ruwan zafi, alhali suna zaune da ni a ɗaki taga a rufe. Cutar nan ba a kwano take ba, a iska take. Gidajenmu na cikin gari da ɗakuna masu ƙaramar taga ɗaya, mutum takwas a ciki, da hunturu kuma a toshe ko'ina da tsumma, su ne gonarta. Ni dai na buɗe tagogina, na sa takunkumi, na koma kwana ni kaɗai har aka ce kakina ya wanke. Ba a yi wata biyu ba aka daina ganin ƙwayar.

Maganin kyauta ne, gwajin kaki kyauta ne, wannan gaskiya ne kuma a yaba wa masu ɗaukar nauyi. Sai dai ciwon ba kyauta ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka, ga mai jinya yana buƙatar ƙwai da nama a lokacin da masu lafiya ma suke neman na tuwo. Ni ina da albashi, miji na da sana'a, duk da haka sai da na sayar da keken ɗinkina. A layin asibiti na zauna da wani ɗan dako daga Kantin Kwari wanda ranar da bai fita ba gidansa ba a ɗora tukunya. A irinsu ne na ga amfanin gajarta magani ƙarara: mutum zai iya daurewa ya ci bashi na wata shida, amma wata 20 gida ne yake rushewa.

Akwai wasu mata biyu da na karanta labarinsu ina kwance, na kuma tura wa Yaya. Phumeza Tisile 'yar Afirka ta Kudu da Nandita Venkatesan 'yar Indiya, dukansu allurar tibi ta kurmantar da su suna 'yan mata. A 2019 suka shigar da ƙorafi a ofishin rajistar haƙƙin ƙirƙira na Indiya, suna ƙalubalantar yunƙurin tsawaita mallakar bedakwilin a hannun kamfani ɗaya. A Maris 2023 ofishin ya ƙi tsawaitawar, wasu kamfanoni suka samu damar yin sa, farashinsa ya faɗi a shekarar. Yaya ya karanta ya rubuto mini, “Ashe muna da yawa.” Ya kuma tambaya ko akwai abin da ake yi wa kunnen. Akwai na'urar da ake dasawa ta tiyata, su biyun an yi musu, amma kuɗinta ba na ɗan Ƙofar Ruwa ba ne.

Na gama magani a daminar 2024. Aka sake gwaji, aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya rubuta “ta warke” a katina, ya ce in riƙa dawowa ana dubawa don a tabbatar bai dawo ba. Ranar ya gaya mini wani abu da ya tsaya mini a rai: an riga an fara ganin ƙwayar da ba ta jin bedakwilin ɗin ma a wasu ƙasashen kudancin Afirka. Shi ya sa ba a sayar da shi a kemis, shi ya sa kuma suke bin mutum har gida in ya tsallake ranar karɓa. Ya ce Najeriya ce ta ɗaya a Afirka a yawan masu tibi, ta shida a duniya, kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa duk shekara, kuma a duniya cikin masu irin nawa, biyu cikin biyar ne kawai ke kaiwa ga magani. Sauran suna gida suna tari. Ina da yaƙinin cewa a Kano da yawansu tsoron allurar da aka daina ne ya zaunar da su, domin kowace unguwa tana da nata Yayan da mutane suka gani da idonsu, amma waɗanda suka sha ƙwaya wata shida suka miƙe ba sa faɗa. In aka ambaci Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, har yanzu akwai tsofaffin da gabansu ke faɗuwa.

Komawa makaranta ma sai da ya zo da nasa. Wasu iyaye sun je wajen hedimasta suna cewa kada a ba ni ajin 'ya'yansu. Ya nuna musu takardar likita, ya ce wannan malamar ta fi kowa a nan tabbacin ba ta da tibi, don ita aka gwada. Aka bar maganar. Bayan 'yan makonni ɗaya daga cikin matan nan ta tsaya ni a bakin ƙofar makaranta bayan an tashi, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, “Malama, don Allah, maigidana ne yake tari tun kafin Babbar Salla, mun sha na kemis har mun gaji. Ya ce shi ba za a kwantar da shi ana yi masa allura ba.” Na ba ta lambar 3340 da ake kira kyauta a tambayi wurin gwaji mafi kusa, na ce ta gaya masa ni ce shaida babu allura. Bai yarda ba sai da maigidana ya je ya same shi a majalisarsu bayan la'asar. An gwada shi, tibi ne, amma nasa yana jin rifamfisin, aka ɗora shi kan maganin wata shida na yau da kullum. A yaransu an samu ɗaya da ita, ƙaramar, ita ma an fara mata.